Sawun Fensir a Jaridar Malam Gidaɗo

Duk ɗalibin da ya zauna a Madinat Nasr ta Alƙahira wajejen 1983 ya san Malam Gidaɗo mutumin Gombe. Karatun shekara huɗu ya zo yi, ya shekara goma sha ɗaya bai gama ba, amma ba a taɓa yi masa tambaya ya ce bai sani ba. Ko maganin ciwon haƙori ka tambaye shi, sai ya kawo maka ƙaulin malamai uku. Shi ya sa ake kiransa Mai-Amsa, sunan kuwa ya fi masa digirin daɗi. Kullum maganarsa ita ce, "Ilimi ba a tsintarsa a takarda, sai an durƙusa gaban malami."

A kasuwar Ataba jarabar ta same shi. Ya sayi kofunan shayi, aka naɗe masa a tsohuwar jaridar Turanci, a bayanta da wasan nan na cike gidaje da kalmomi. Irin mai murɗaɗɗun tambayoyi ne, wanda rabin jimla ke ba ka ma'ana, rabi ya ɓoye haruffan. Malam bai san haka ba. Ya ɗauki tambaya guda ya yi mata sharhi shafi biyu kamar matanin fiƙihu, gida ko ɗaya bai cika ba. Da biro kuma yake rubutu, wai fensir na masu shakka ne.

Ya tara tsofaffin jaridu a gida. Wata rana ya karkata shafi wajen taga, sai ya hangi sawun haruffa a gidajen, an rubuta an goge. Ya bi sawun da biro, komai ya zauna daram. Aikin matarsa Murja ne, wadda ta koyi wasan wajen wata Baturiya a kwalejin horon malamai. In ya tafi darasi sai ta cike da fensir, ta goge don kada ta ba shi kunya. Abin haushi, Malam bai tambayi kowa ba. Ya ce buɗi ne daga Allah, ya riƙa yawo da jaridu yana nuna wa ɗalibai.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wata Juma'a ana shan shayi, Habu, wani ɗan kasuwa daga Damagaram da ya gaji da cika bakin, ya miƙa masa sabuwar jarida.

"Yalla Malam, cike mana a nan mu gani."

Malam ya karkata shafin wajen taga, ya sake karkatawa. Fes, ko ɗigo babu.

"Ma'alish, a yi haƙuri, mas'ala ce mai zurfi, sai na duba littattafai. Gobe bayan la'asar."

Da ya koma gida bai taɓa littafi ba. Ya ajiye jaridar a tebur, ya ɗora fensir a kai, ya fita. Ashe ya san mai buɗin tun tuni. Ya dawo, gidajen wayam. Gari ya waye, wayam.

Da hantsi ya yi gyaran murya. "Murja, wannan takardar fa?"

"Ai Malam kai ka ce ilimi ba a tsintarsa a takarda."

Ya dubi kujera, ya dubi tabarma. Ya jawo tabarmar ya zauna a ƙasa, ta karɓe biron ta ba shi fensir. Har azahar suna abu ɗaya, yana rubutawa tana sa shi gogewa, ta hana shi sharhi.

Bayan la'asar ya kai wa Habu jaridar, ɗalibai sun cika ɗakin da ake shan shayi. Kalma uku kacal ya cike, da fensir.

"Malam, sauran fa?" in ji Habu.

Mai-Amsa ya ɗago kai daga shafin.

"Ban sani ba," ya ce. "Malamata ba ta kai ni nan ba tukuna."