Tsohon manajanmu har yau yana kallonmu

Ina cikin cin abinci a ofis sai ga wayar tsohon manajanmu, wanda ya bar mu bara ya koma wani kamfanin robobi irin namu a Sharaɗa. Bayan gaisuwa ya ce, "Na ga kun kawo sabon inji, Allah ya sanya alheri."

Sai da na ajiye cokali. Jiya-jiya aka sauke injin nan.

Ni ke kula da kwamfutocin masana'antarmu a Challawa. Kyamarorin tsaronmu a haɗe suke da intanet don Alhaji, mai kamfanin, ya riƙa dubawa ta waya. Ashe tsohon manajan nan har yau da tsohuwar lambar sirri yake shiga. Yana ganin sito, yana ganin duk dilan da ya zo ɗaukar kaya.

Na samu Alhaji na ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in canja lambar nan yau."

Ya ce, "Haba Malam Sani, mutumin da ya zo sunan 'yata? In ya ga an rufe, cewa zai yi mun ɗauke shi ɓarawo. A bari tukuna."

Wallahi na gaji da "a bari tukuna".

Da aka tashi aiki na tsaya ina kallon masu gadi suna laluben aljihun leburori a bakin get. Su dai leburori ba mai jin kunyarsu.

Masu irin aikina, yaya kuke rufe ƙofar da kunya ta hana a rufe?