Telan da Ya Yi wa Kan Sarki Aski

A layin teloli na bayan kasuwa kowa ya san Tsaf. Halinsa ne ya ja masa sunan, don bai taɓa barin zare yana lilo a jikin rigar da ya ɗinka ba. Ko a sahun salla ya hango bakin wandon wani ya zare, hankalinsa ba ya kwanciya sai an sallame ya ciro ɗan almakashinsa. Bai tara ba, bai gina ba. Taƙamarsa ɗaya ce a duniya, kuma yakan faɗe ta ko ba a tambaye shi ba: "Ni ba a taɓa ba ni amanar abu na ɓata ba."

Da mahaifinsu ya rasu, tsohon ma'aikacin gidan waya, aka tarar da wani ƙaton kundi a ƙasan akwatinsa, cike da kan sarki irin wanda ake liƙa wa ambulan. Ga na tsuntsaye, ga na jiragen ruwa, ga sarakunan wasu ƙasashe masu gemu. Ranar rabon gado ba wanda ya dube shi sau biyu, sai da mijin yayarsu, mutumin da ba ya rabo da rediyo, ya ce ya taɓa jin an sayar da kan sarki guda a kuɗin gida. Nan take kowa ya tuna irin ƙaunar da yake yi wa Baba. Auta, wanda ko jinya bai leƙo ba, har da matse hawaye yana shafa bangon kundin.

Yaya ce babba, ita ta yanke magana. Ta miƙa wa Tsaf kundin, ta ce ya kai wa dattijon nan mai sayen tsofaffin kan sarki a saman kantin littattafai, a ji darajarsa kafin a raba.

Tsaf na buɗe kundin a kan teburin yanka ransa ya ɓaci. Kowane kan sarki gefensa cako-cako kamar ɓera ya ci, wasu sun lanƙwashe, wasu suna reto.

"Allah ya jiƙan Baba," in ji shi, "amma haka zan kai wa mutane wannan ƙazanta?"

Ya ture ɗinkin jama'a gefe, ya wasa almakashi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya datse haƙoran nan, ya bi da dutsen guga, ya liƙe su da gam mai ƙarfi a jere kamar maɓallan riga. Maƙwabcinsa mai surfani ya leƙo ya ce, "Yau kuma sarakuna ake yi wa aski?" Tsaf ya ce kaya ai sai da kwalliya.

Da Tsaf ya kai kundin, dattijon ya sa tabarau, ya buɗe shafin farko, ya buɗe na biyu, sannan ya ɗago ya dube shi.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Tsaf ya gyara zama. "Ni ne, ranka ya daɗe. Da ido kawai na yi, ko tef ban sa ba."

"To ina haƙoran?"

"Na share na zubar."

"Malam tela, a sana'ar nan haƙoran ake fara dubawa. Kan sarkin da ba haƙori takarda ce mai hoto." Ya ɗora yatsa kan wani mai jirgin ruwa. "Wannan da ka bar shi yadda tsohonku ya bar shi, da yau mun yi doguwar magana ni da kai. Garin neman gira ka rasa ido."

Tsaf ya ɗauki kundin ya sauko daga benen. Amma tela ba ya yarda ɗinki ya gagare shi. A hanya ya tuna yana da almakashi mai haƙora, wanda yake yanka gefen yadi da shi don kada ya zare. Yana isa shago ya ɓamɓaro su ya shiga mayar musu da haƙora. Jirgin ruwa ya rasa tuta, wani sarki ya rasa kunne, tsuntsu ya tashi ba baki.

Da yamma ya tarar da 'yan'uwa cike da falon Yaya. Mijinta har ya fara maganar irin motar da ta fi jure hanya. Tsaf ya ajiye kundin a kan tebur, ya faɗi gaskiya tun daga almakashin farko har na biyu. Auta ya miƙe yana salati, hawayensa na wannan karon na gaske ne.

Yaya ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo kundin, ta daɗe tana kallon sarkin nan mai kunne ɗaya, sannan ta rufe.

"Ka san ba ni na zaɓe ka ba," in ji ta. "Baba ne a asibiti ya ce kada kowa ya taɓa masa kundinsa sai kai. Wai kai kaɗai ne a cikinmu ba ka ɓata abu."

Tsaf ya sunkuyar da kai. Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.