Tallan da Ba a Ɗorawa a Kai

Da na dawo Magariya da takardar lisans ɗina, wato digirin jami'a, na zaci jiran konkur, jarrabawar shiga aikin gwamnati, ba zai wuce damina ɗaya ba. Ya wuce. Mahaifiyata ta gaji da ganina a zaure, ta yi wa wani ɗan'uwanta magana, Alhaji mai shagon kayan ɗaki a bakin kasuwa: katifu, labulaye, kwanukan jere, duk abin da uwa ke tarawa kafin ta kai ƴarta gidan miji. Ya ce in zo in riƙa zama, ko ba komai na ɗebe masa kewa.

A zaman nan na lura da wani abu. Maza ne ke shigowa saye, amma ba su ke zaɓa ba. Mutum zai tsaya gaban kwanuka yana zare ido, can ya ciro waya: "Mai jan fure ko mai shuɗi kika ce?" Masu zaɓen suna cikin gidaje, a Dungas da Yekuwa da Dogo-Dogo, iyaye mata da gwaggwanni. Na daɗe ina juya maganar kafin na tambayi Alhaji ko zai bari in gwada kai musu shagon ta waya.

"Gwada mana, ɗana," ya ce. "Ai wayarka ce, ba tawa ba."

Ba zan ce na san aikin ba. A jami'a an ɗan taɓo mana shi, da misalan manyan kamfanonin da ba su san hanyar Dungas ba. Sauran a shagon na koya, da tuntuɓe. Rubutu bai yi aiki ba, domin yawancin matan ba sa karantawa. Sai na koma vokal, saƙon murya, gajere, wanda ke farawa da gaisuwa kamar na yi sallama a ƙofar gida. Hoto da hantsi nake ɗauka, a kan tabarma, guda ɗaya tak, don rezo, wato sabis na waya, a ƙauye ba ya ɗaukar kaya mai nauyi. Jajibirin kasuwa nake turawa, lokacin da ake shawarar wanda za a aika. Ban taɓa sa lambar kowa cikin guruf ba sai na nemi izini, ban kuma taɓa ƙara wa labule hasken da ba shi da shi ba, don tsoron ranar da za a buɗe ƙulli a ce ba shi ba ne. Na sa wa kaina doka: duk saƙon da ya shigo, a amsa shi kafin la'asar. In an gama jere kuma, ina roƙon a turo mini hoton ɗakin, ba mutum a ciki, in nuna wa sauran. Iya sanina, wannan hoton ya fi duk maganata jawo masu saye.

Ciniki ya buɗe. Ban ce ni kaɗai ne sanadi ba. Kaka ta yi kyau a shekarar, aure kuma ya yi yawa. Amma dai har sai da Alhaji ya ɗauki mai moto mai ƙafa uku don kai kaya ƙauyuka.

Matsalar ita ce sunan aikin. Da Faransanci yana da suna mai tsawo, mai kwarjini. Da Hausa na nema na rasa, sai kalma ɗaya: talla. Ranar da na faɗe ta a fadarmu ta masu shayi, dariya har da ƙwalla.

"Mai lisans, ina tiren?"

"Ku bar shi, gammon yake nema tukuna."

"Gobe ka biyo mana da dafaffiyar gyaɗa, amma ban da rowar gyara!"

Na yi dariya tare da su. A lokacin ina ganin wasa ne.

Akwai yarinyar da nake nema a Dungas, ƙanwar wani abokin karatuna. Ita ta gane aikin, don ita ke buɗe wa mahaifiyarta saƙonnina. Ta taɓa ce mini labulen nan mai ruwan ƙasa ya fi kowanne, in lokacinmu ya yi kada in bari ya ƙare. Da magana ta kai ga manya, mahaifinta ya yi abin da kowane uba ke yi: ya aiko ƙanensa Magariya bincike.

Ina can cikin shago bayan katifu ina gyara kwanuka don hoto, suka zauna da Alhaji a benci. Ba su san ina ji ba, ko kuma ba su damu ba.

"Alhaji, yaron nan na wurinka, yaya yake?"

"Kai, yaron kirki ne. Salla a kan lokaci, ba ƙarya, ba ɗauke-ɗauke. Ko allura ka manta a hannunsa za ka dawo ka same ta."

"Madalla. Sana'a fa?"

"To, sana'a dai, gwamnati yake jira. Kafin nan yana ɗan rage zafi a nan, yana yi mini talla a waya."

"Talla? Da gemunsa?"

"Ka san yaran zamani. Latse-latse ne."

"Na ga kuwa shagon ya cika, har da moto."

"Wannan daga Allah ne, malam."

Daga Allah ne. Wane ni in ce ba haka ba? Ya ajiye maganar a inda musulmi ba zai iya sa mata hannu ba.

Sai washegari na iya yi wa Alhaji magana, ita ma a kaikaice. Ya dube ni da mamaki na gaske.

"Ɗana, so kake in yi ƙarya a maganar aure? Amana ce fa. Mai moton nan, kowa ya ga guminsa. Kai in an ce in nuna abin da kake yi, me zan nuna?"

Amsa ta zo daga Dungas cikin mutunci: a dakata har yaro ya kama aiki. Yarinyar ta dakata. Konkur ya fito ba sunana. Bayan wani lokaci ita da kanta ta kira ni ta ce wani mai injin niƙa ya fito, kuma ta amince. Ba wanda ya tilasta mata. Ban ga laifinta ba, ko in ce ina ƙoƙarin kada in gani.

Ana cikin sussukar gero wani vokal ya shigo, muryar dattijuwa, gwaggonta ce.

"Salamu alaikum, mai tallan Alhaji, ina gajiya? Ƴarmu za mu kai, in Allah ya yarda. A turo mana katifa babba da kwanukan nan masu jan fure. Labule kuma ta ce mai ruwan ƙasa, wai kai ka san shi."

Wataƙila gwaggon ba ta san ko ni wane ne ba. Na fi so in ɗauka haka. Na saurara, na ajiye wayar a kan katifa, na fita na tsaya a rana. Kafin la'asar na amsa. Na gaishe ta, na yi fatan alheri, na ce labulen yana nan. Ni na naɗe shi, ni na ɗaure a moton.

Bayan biki da ƴan kwanaki, Alhaji yana shan furarsa ya ɗago kai.

"Af, ɗana, mutanen Dungas ɗin nan sun turo hoton ɗakin kuwa? Ka matsa musu. Ai hoton nan shi ke kawo mana mutane."

Ashe ya sani.

Hoton ya zo. An yi jeren da kyau, labulen ya dace da bangon. Na jira jajibirin kasuwa, na tura wa kowa.