Darakta Mai Aski

Darakta ake ce masa a shagon askin yayansa, ba don girmamawa ba. Tun yana saurayi yake rubuta jarrabawar shiga aikin gwamnati, kullum tambayoyin al'amuran yau da kullum ke kayar da shi. Bana ce damarsa ta ƙarshe, shekaru sun kusa rufe masa ƙofa. Shi ya sa ya rataye rediyo a jikin madubi, hannunsa na kan mutane, kunnensa na wajen ɗumamar yanayi da dokar ƙananan hukumomi. Yayan kuwa ya tsani muryar mai labaran nan kamar ciwon haƙori.

Ran nan wani direba ya zauna a rage masa gemu, daidai lokacin da aka fara bayanin taron ƙasashe kan hayaƙin masana'antu. Darakta ya karkata kai don ya ji waɗanda suka ƙi sa hannu, injin ya zarce ya kwashe rabin gashin bakin mutumin.

Direba ya daka tsawa: "Kai, ɗan iska! Da wace fuskar zan koma gida?"

Yayan ya fizge injin. "Ranka ya daɗe Darakta, ofis ya tashi. Ko rediyon nan ya fita, ko ku fita tare."

"Yaya, jarrabawar ta kusa fa."

"Bara ma haka ka ce."

Darakta ya ba direba haƙuri, ya kakkaɓe rigarsa, ya sauke rediyonsa. Yana bakin ƙofa ya ƙara wa rediyon murya, don ba a gama jero ƙasashen ba.