Taunar da Ta Raba Wana da Limanci

Shekarun baya, zamanin da arzikin fetur ke tura yara karatu waje, wana ne ke jan salla a masallacin unguwarmu a Sara. Ya yi taɓin hankali, aka bi da shi ta Birnin Kudu zuwa wani asibiti mai nisa, aka ɗora shi kan ƙwayoyi. Hankali ya dawo sarai, ya koma limancinsa. Amma da ya daɗe yana sha, sai bakinsa ya fara motsi shi kaɗai, muƙamuƙi na tauna, harshe na leƙowa.

Da azumi ya kama, magana ta tashi. Wani dattijo ya tare shi bayan azahar, ina tsaye. "Malam, buɗe mu gani. Goro ne ko dabino?" Ya buɗe, babu komai. Dattijon ya juya ga jama'a ya ce, "Ya haɗiye." Kafin ƙaramar salla sun sa wani a gaba.

A shekarar na tafi Turai karatun lafiyar dabbobi, aka tura ni ɗakin gwaji. Ni da na tashi ina bin ɓera da sanda a gindin rumbu, sai ga ni ina yi masa shimfiɗa, ina auna masa abinci. Ana yi wa ɓerayen allurar irin maganin wana, wasunsu kuma ana ƙara musu wani magani don a ga ko zai kare su daga illar na farko.

Wata safiya na leƙa keji na ga ɓera yana tauna, harshe na fita, babu ko ƙwayar abinci a gabansa. Na tambayi malamarmu, "Wanda bakinsa ya riga ya fara fa?" Ta ce, "Kariya muke nema. Wanda ya kamu, sau da yawa ko an daina maganin ba ya barinsa."

Ban samo waraka ba, amma na samo shaida. Da na zo hutu na tara dattawa a ƙofar masallaci na zayyana musu komai. Dattijon nan ya ce, "To ɗan boko, shi ɓeran azumi yake yi?" Aka kwashe da dariya.

Wana ya ja hannuna gefe. "Ƙyale su. Inna za ka gaya wa. Ita ma in na fita tana laluben aljihun rigata."

Na gaya wa mahaifiyarmu. Ta rufe fuska da mayafi.

Bai sake jan salla ba. Har ya rasu a sahun baya yake tsayawa, rawani rufe da bakinsa. Na ga masu irin larurarsa a Alƙahira da Landan, can sunanta illar magani. Har yau in azumi ya zo, ba na iya kallon bakin kowa.