Mayafin da Na Ara a Wurin Yaya Hansai

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar yayata Hansai, kuma har yau in aka ce in faɗi abu ɗaya da nake so a ce ban yi ba a rayuwata, ba sai na tsaya tunani ba. Aron mayafinta ne da na yi. Da izininta na ɗauka, na kuma mayar mata da shi a wanke. Amma abin da na yi da shi ya ci mata sana'a, ya ci wa 'ya'yanta gona.

Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Da mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu da 'yar gona a bayan gari, sai ta kama dillanci a ƙauyenmu da ke tsakanin Tofa da Bici. Matan garinmu a kulle suke, ba sa zuwa kasuwa. Dillaliya ce ke shiga gida-gida, ta karɓi zane ko tasa ko kwalla a hannun mai son sayarwa, ta kai wa mai son saye, a ba ta la'ada. Jarinta duka shi ne a bar ta ta wuce zaure. Maza kuwa ba su san abin da take yi a ciki ba, domin sai sun tafi gona ko kasuwa take shiga.

A shekarun da aka yi fari, ruwan sama ya ɗauke, da tsadar da ta biyo baya, lokacin da rumbuna suka zama wurin kwanan kaji, ni ina koyar da ajin yaƙi da jahilci, duk da ilimina bai wuce firamare ba. Ni ne kuma mai tsara wa ƙungiyar samarinmu wasan kwaikwayo. Muka ce tunda mutane suna cikin ƙunci, bari mu ba su dariya da Sallah. Na zauna na tsara labarin wata dillaliya mai suna Gida-Goma, wadda ke ɗaukar maganar wannan gida ta sauke a wancan, tana zuga mata su raina abin da mazansu suka kawo, har aure uku ya mutu a hannunta.

Ban ƙirƙire ta ba. A shirye na same ta. Tun muna yara muke jin tsohuwa mai makirci a tatsuniya, da muka girma muka ji ta a rediyo. Matan da na sani a labari ba su da yawa: mai haɗa husuma, da uwar miji mai masifa, da 'yar birni mai son abin hannu, da baiwar Allah mai haƙuri wadda ba ta da aiki sai kuka. In za ka yi wasa, ɗaya kake ɗauka ka sa mata zane. Na ɗauki ta farko domin ta fi ban dariya.

A wancan lokaci mace ba ta fitowa a wasanmu. Namiji ne ke yin shigar mata, kayan kuma aro ake yi a gida. Sule mai gyaran keke ne zai fito a dillaliya, sai na tafi wurin Yaya.

"Yaya, ara mini mayafinki da fantekar nan."

"Aure za ka yi da su?"

"Wasa za mu yi. Sule ne zai yafa."

"Gemai-gemai da kai, wasa. Ɗauka. Ka gaya wa Sule in na ji warin baƙin mai a jiki, shi zai saya mini sabo."

Mayafin nan shuɗi ne mai ratsin ja a baki, kuma babu wanda bai san shi ba a garin, domin shi kaɗai gare ta. Sule mutum ne mai iya kwaikwayo. Da ya yafa shi, ya ɗora fanteka a ka, sai ya ɗauki tafiyarta ma, da yadda take jan sallama tun daga nesa. Ban sa shi ba, amma ban hana shi ba. A gwaji na gani na yi dariya har da riƙe ciki.

Washegarin Sallah bayan la'asar muka yi wasan a filin makaranta. Maza ne suka cika wurin, da yara. Aka yi dariyar da aka daɗe ba a yi ba. Dattawa suka yi ta shi mini albarka, wani ya ce, "Malam Idi, yau ka buɗe mana ido." Na ji daɗin maganar. Sai daga baya na gane nufinsa: sun ɗauka na nuna musu abin da ke faruwa a gidajensu in ba sa nan, kuma wa zai fi ni, ƙanen Hansai, sanin halinta?

Kafin wata ya ƙare yara sun fara binta da sunan Gida-Goma. Sai kuma magidanta. Ina zaune a wata majalisa na ji da kunnena, maigidan da ke kusa ya tare ta a bakin zaure.

"Hansai, daga yau ki riƙa tsayawa a nan. In da kaya, a fito miki da su."

"Malam Garba, ni? Ni da na yi wa matarka wankan jego sau uku?"

"Ba faɗa ba ne. Mutum dai ya kiyaye gidansa."

Wa zai fito da tasar aurensa bakin zaure, a gaban maza, ya ce a sayar? Nan cinikin ya mutu. A shekarun nan yawancin kayan da take ɗauka ba na ado ba ne. Mata ne ke zare kwalla ɗaya daga jerensu, su ba ta a ɓoye, ta kai Bici ta sayar, ta auno musu dawa ta shigo da ita a ƙarƙashin zannuwa. Maigida ya dawo ya tarar da tuwo, ya ci, bai tambaya ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka hana ta shiga, da hannunta suka ci abinci ba su sani ba.

Ni ma ban sani ba sai ranar da na je ba ta haƙuri. Na same ta tana surfen wasu, aikin da ta koma yi don a ba ta dusa da ɗan tsaki. Na ce zan tara mutane in gaya musu ba ita nake nufi ba.

"Ka ce musu me? Sun ga mayafina a kan Sule. Ko kuwa in tashi in lissafa musu matan da suka sayar da kayan ɗakinsu don mazansu su ci? In wanke kaina da asirin mutane?" Ta ajiye taɓarya. "Kai Idi, ka taɓa bina cikin gida ɗaya ka ga abin da nake yi?"

"A'a."

"To ina ka samo matar nan?"

"Haka suke a labari, Yaya. A rediyo ma haka ne."

"Ni a rediyo aka haife ni?"

Na tashi na fita. Na koma na tsara wani wasan don in gyara. A cikinsa dillaliya ta zama baiwar Allah, ana zaginta tana kuka, tana ɗaga hannu sama, har gaskiya ta fito. Na je na ba ta labarinsa ina jiran yabo. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wannan ma ba ni ba ce. Yaushe ka taɓa ganin hawayena in ba hayaƙi ba? Ka fitar da ni daga wannan tukunya ka jefa ni a waccan. Ka bar ni haka." Ba a yi wasan ba.

Gaskiyarta ne. Yaya ba waliyyiya ba ce. Tana da faɗa, tana da rowar goro, a ciniki ba ta ragawa ko ɗan'uwanta. Takan yi dariya har a ji ta gida uku. Tana son labari kamar kowa, amma ta san wanda ake bari a inda aka ji shi. Babu ɗaya daga cikin matan da na sani a labari da ta haɗa waɗannan, shi ya sa da ina kallonta kullum ban gan ta ba.

Damina ta sake yin gardama. Da yardar baffan yaran aka sayar da gonar marayu, aka ci. A ƙasarmu, inda gona ke manne da gona kuma kowace taki da mai ita, wadda ta fita hannu ba ta dawowa. 'Ya'yanta maza yau suna birni, ɗaya yana tura ruwa, ɗaya yana gadi, gashinsu ya fara fari ba su da inda za su soka irin gero. Ban ce ni na hana ruwan sama zuba ba. Amma wasu matan da ba su fi ta ƙarfi ba sun tsallake shekarun nan da gonakinsu, domin ba a rufe musu ƙofa ba.

Daga baya wasu gidajen sun sake buɗe mata, sai dai wata ta riga ta kama cinikin. A ciwonta na ajali na sake roƙonta gafara. Ta dube ni ta ce, "Na yafe maka, don kada ka tsayar da ni gobe ƙiyama da dogon bayaninka." Ranar da ta rasu, cikin gida ya cika da mata har babu wurin zama, wasu da izinin mazansu, wasu babu.

Yanzu jikokina suna kallon fina-finai a waya, ana karanta littattafai a rediyo, nakan kasa kunne. Kaya sun sauya, an sami mota da gidan bene, mata da kansu suke fitowa, har su ke rubuta da yawa daga ciki. Wani lokaci nakan ji mace a labari wadda ta yi kama da mutum, in ji daɗi. Amma sau da yawa matan nan huɗu ne dai, sun sake ɗinki. Tsohuwa ta yi sallama, tun ba ta zauna ba yara sun ce, "Ga muguwar nan." Ban san abin da Yaya za ta ce ba. Ina jin za ta kalla, ta yi dariyarta, sannan ta tambaya ko su waɗannan matan ba sa neman abin da za a ci ne. Ni dai na gaji da su. Nakan tashi in koma zaure.

Abin da ya rage nata ba shi da yawa. Babu gona, babu hoto. Akwai tsofaffin mata 'yan kaɗan da in aka ambace ta sukan yi mata addu'a, ba sa faɗin dalili, ita ma ba ta taɓa faɗin sunan ko ɗaya ba.

Roƙona ga masu karatu, musamman masu rubuta labari da masu shirya wasa: kada ku yi abin da na yi. Kafin ku ɗauko macen da kuka tarar a shirye, ku tuna akwai wata mai rai a unguwarku da za a dubi fuskarta in an tashi daga kallo, kuma ba ta da filin da za ta tara mutane ta ba da nata labarin. In mugu kuke nema, ga ni: ƙanen da ya ci tuwon yayarsa har ya yi gemu, sannan ya ba da ita aka yi dariya. Na daɗe ina sauraron labarai, ban taɓa jin an yi wasa da irina ba. Allah ya jiƙan Hansai.