Yadda Zartonmu Ya Samu Giɓi

Ni masassaƙi ne, ɗan masassaƙi, a Tamaske. Shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Turawa, rufin ɗakin innarmu ya zube, damina kuwa ta kusa. Da gatari ba zan fidda azara kan lokaci ba. Sai na ji labari wani tsohon soja a Madawa zai sayar da babban zarto mai hannu biyu. Kafin asuba muka ɗaura wa jaki kaya, ni da tobashina Bako, ɗan kawuna, muna jan ragon da za mu bayar.

Allakaye

Hanyar duk duwatsu ce. Ragon ya ƙi tafiya, Bako ya ce, "Alu, halinku ɗaya, wanga ƙanenka ne?" Da la'asar muka sauka a garin Allakaye, gidan wani maƙeri, Audi, abokin babana. Matarsa ta dama mana fura, ni na shanye rabon Bako ina cewa na fi shi gajiya. Allah ya yafe mini.

Madawa

Mun kwana a Azarori, da hantsi muka shiga gari. Wani gardi, dogarin gwamnati, ya tare mu, ya leƙa mangala, bai ga komai ba sai ƙuli-ƙuli, ya ɗiba ya ce mu wuce.

Tsohon sojan, Baba Idi, ya fito da zarton. Tsawonsa ya kai ni, ya yi ja da tsatsa, ƙota guda ta karye. Ya rataye shi da igiya, ya ƙwanƙwasa da zobe, ƙarfen ya yi ƙara mai tsawo. Ya ce, "Ka ji? In da tsagewa, da ya yi shiru." Ya goga yashi a bayansa, fari ya fito. Ya lanƙwasa shi, ya saki, ya miƙe sak. Ƙota kuwa aikina ce.

Amma da na duba haƙoran, sai na ga wannan ya karkata dama, wancan hagu, tun daga farko har ƙarshe. Na ɗaga murya don maƙwabta su ji: "Baba, abin ga ya lalace! Dubi bakinsa!"

Ya ce, "Ɗana, haka aka haife shi. Kada ka kai mishi guduma."

Na ɗauka wayon mai sayarwa ne. Na yi ta kushewa har ya haƙura da buhun geron da ya nema ƙari a kan ragon. Na fito ina taƙama.

Allakaye kuma

Muka sake sauka gidan Audi. A maƙerar garinmu duk abin da ya karkace miƙe shi ake yi. Da Audi ya tafi sallar azahar, na ɗora zarton kan uwar maƙera, na shiga daidaita haƙora da guduma. Na kai rabi Bako ya ce, "Tobashi, gwada tukuna, kada ka kashe mana rago banza."

Muka ɗora shi kan gungumen gawo. Gefen da ban taɓa ba yana ci, gari na zuba. Da an zo gefen da na gyara, sai ya cije, mu biyu mu ja har mu faɗi. Ashe karkatar nan ita ke buɗe wa ƙarfen hanya. Bako ya kwanta ƙasa don dariya. Ni kuwa ɗakin inna nake tunani.

Audi ya dawo, ya duba gefen mai kyau, ya yanka tsaga a wani guntun ƙarfe. Da ita muka riƙa kama haƙori muna mayar da shi, ɗaya dama, ɗaya hagu, har rana ta yi sanyi. Guda ya ɓalle a hannuna. Audi ya ce, "Bar shi, ko tsoho mai giɓi yana cin tuwo da sauran." Muka sake gwadawa, ya ratsa gungumen.

Gida

Mun iso Tamaske hadari na haɗuwa gabas. Muka yanka goruba, muka rufe ɗakin, ruwan fari ya samu inna a ciki. Na gode wa Allah, na gode wa Audi da matarsa. Geron farko da na girbe, na aika wa Baba Idi buhu ta hannun wani falke, da saƙon ya yafe mini ƙaryar da na yi wa zartonsa gaban mutane. Falken ya dawo da amsa: ya yafe, amma yana tambaya, haƙori nawa na karya?